Kafa Ɗakin Lissafin Gayya Don Ɗaliban Injiniya na Digirin Farko: Nazari Daga Kudancin Kano

Tsakure

Lissafin gayya shi ne raba aiki guda tsakanin kwamfutoci ko cibiyoyin furosesa da dama domin su yi shi a lokaci ɗaya. Wannan maƙala ta duba yadda tsangayar injiniya za ta kafa ɗakin koyar da shi da kuɗi madaidaici, ta la'akari da halin wuta da zafi da ƙura na jihar Kano, da kuma matsalolin ruwa da ƙasa na ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Matsayin maƙalar shi ne a gina ƙaramin gungun kwamfutoci wanda ɗalibai za su harhaɗa da hannunsu, a fifita wuta da ma'aikaci a kan tsadar injina, sannan a ɗauko ayyukan gwaji daga matsalolin yankin.

Ma'anar lissafin gayya da asalinsa

Kwamfuta ta gargajiya tana bin umarni ɗaya bayan ɗaya. A lissafin gayya kuwa ana yanka aikin kashi-kashi, kowace cibiyar furosesa ta ɗauki nata, daga baya a haɗa sakamako. Tsarin ya yi kama da gayyar noma: ana raba wa jama'a kunya-kunya, aiki ya yi sauri, amma ba a tashi sai mai kunyar ƙarshe ya kai gefen gona, kuma lokacin da aka ɓata wajen rabon da kiran juna yana cikin lissafi. Waɗannan abubuwa biyu, jiran na baya da kuɗin sadarwa, su ne ƙashin bayan duk abin da ake koyarwa a wannan fanni.

Tunanin ya daɗe. A 1966 Michael Flynn ya kasa kwamfutoci gida huɗu bisa yawan umarni da yawan bayanan da suke sarrafawa a lokaci guda, sannan a 1967 Gene Amdahl ya nuna iyakar ribar da ake samu idan aka ƙara yawan furosesa. Sai dai tsawon shekaru fannin ya kasance a hannun manyan cibiyoyin bincike masu injinan miliyoyin daloli. Abu biyu ne suka sauko da shi. Na farko shi ne gungun Beowulf, wanda Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a 1994 da kwamfutoci 16 irin na kasuwa, suna aiki da Linux, an haɗa su da wayar Ethernet. A shekarar ce kuma aka fitar da ƙa'idar MPI, wadda ta daidaita yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙo. Na biyu ya faru wajen 2005, lokacin da kamfanonin furosesa suka ga ƙara saurin cibiya guda yana haifar da zafin da ba a iya sanyayawa, sai suka koma zuba cibiyoyi da yawa a furosesa ɗaya. Daga nan kowace kwamfutar cinya, har ma da wayar hannu, ta zama injin gayya. Wanda bai iya rubuta furogiram mai amfani da cibiyoyi da yawa ba, yana amfani ne da kashi kaɗan na injin da ya saya.

Najeriya ma tana da tarihi a nan, domin ɗanta Philip Emeagwali yana cikin waɗanda suka sami kyautar Gordon Bell a 1989, kan lissafin motsin man fetur a ƙarƙashin ƙasa da ya gudanar a injin Connection Machine. A 2013 kuma ƙungiyoyin ACM da IEEE suka sanya lissafin gayya cikin ginshiƙan manhajar karatun kwamfuta ta digirin farko.

Buƙatar yankin

Ɗaliban da ke fitowa daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa don karatun injiniya galibi suna zuwa Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001, ko kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da yake hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa yankin ta Kwanar Dangora. Ƙasar da suka baro tana ɗauke da wasu daga cikin manyan ayyukan injiniya na jihar. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara a zamanin gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga ita ake shayar da aikin noman rani na Kogin Kano a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma gwamnatin jiha ta gina tashar wutar ruwa mai megawat 10 a jikinta. Kogin da ke cika ta yana gangarowa ne daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore. A Riruwai ta Doguwa kuma akwai tsohon tarihin haƙar kuza.

Ruwan nan yana da amfani, yana kuma da haɗari. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta fashe bayan mamakon ruwan sama, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri. Tambayoyin da ke biyo bayan irin wannan masifa na injiniya ne zalla: ina ruwa zai bi, cikin awa nawa zai isa gari kaza, kuma zurfinsa zai kai nawa a bakin gada? Ana amsa su ne ta hanyar warware lissafin gudanar ruwa da ake jingina wa Saint-Venant, a kan taswirar da aka yanka gida-gida.

Girman aikin yana fitowa fili idan aka ɗauki tafkin Tiga, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178. In aka yanka shi gidaje masu mita 30 kowane gefe, wato ma'aunin taswirar tudu da kwari ta SRTM da ake samu kyauta, za a sami gidaje kusan 198,000. In aka koma mita 10, ma'aunin hotunan tauraron Sentinel-2, gidajen sun zama miliyan 1.78, ninki 9. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin ƙanƙantar gida tana tilasta a rage tazarar lokacin da ke tsakanin matakan lissafi zuwa kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba lissafin ya watse. Aiki ya ninka sau 27 ke nan. Gwajin da yake ɗaukar awa ɗaya zai koma fiye da kwana guda, alhali tafkin kaɗai aka ɗauka, ba a taɓa kwarin da ya miƙa zuwa Wudil da Hadeja ba. Ɗalibin aji biyar mai kwamfutar cinya ɗaya ba zai iya maimaita irin wannan gwaji sau ashirin don kwatanta yanayi daban-daban ba, don haka sai ya rage ingancin aikinsa ko ya sauya batu. Wannan shi ne giɓin da ɗakin zai cike.

Zaɓin injina

Akwai hanyoyi uku da tsangaya za ta iya bi, kuma kowace tana da muhallinta.

Hanya mafi araha ita ce gungun ƙananan alluna irin Raspberry Pi. A 2012 Jami'ar Southampton ta Ingila ta haɗa irin waɗannan alluna 64 ta yi gungun da aka kira Iridis-Pi. Allon Raspberry Pi 4 yana da cibiyoyi 4, kuma wutar da yake ja ba ta wuce wat 15, saboda haka alluna 16 ba sa kai cin wutar ƙaramin firji biyu. Ba su da ƙarfin yin babban lissafi, amma suna da wata fa'ida ta koyarwa: kowane rukunin ɗalibai huɗu zai iya karɓar alluna huɗu, ya girka musu Linux, ya haɗa su, ya ɓata, ya sake girkawa, ba tare da an tsaya fargabar asara ba.

Hanya ta biyu ita ce ta Beowulf, wato tara kwamfutocin tebur iri ɗaya a jera su a kanta. Gungu mai kwamfutocin aiki 16, kowace da cibiyoyi 6 ko 8 da RAM na gigabait 16 zuwa 32, yana ba da cibiyoyi 96 zuwa 128. A kansu sai a ɗora kwamfutar jagora guda mai babbar ma'adana, wadda ɗalibai ke shiga ta cikinta, ita kuma take raba aiki. Wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa da tsangayar da ke farawa. Kayan gyaransa suna nan a kasuwannin Kano, kuma in kwamfuta ɗaya ta mutu sauran 15 suna ci gaba da aiki. Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne kwamfutocin su zama iri ɗaya. In aka cakuɗa tsoho da sabo, masu sauri za su riƙa jiran mai nawa, kuma awon da ɗalibi zai yi ba zai zama abin dogaro ba.

Hanya ta uku ita ce sabobin da ake jerawa a akwatin ƙarfe, irin na manyan cibiyoyi. Suna da ƙarfi da ƙarko, amma suna da ƙara da zafi, suna buƙatar sanyi dare da rana, kuma kayan gyaransu sai an yi odarsu daga waje. Sun dace da mataki na biyu, bayan tsangaya ta nuna cewa gungun farko ya yi mata kaɗan.

Game da haɗin sadarwa, Ethernet mai gigabit ɗaya da na'urar haɗa layi mai ƙofa 24 sun wadatar a farko. InfiniBand, wanda manyan injina ke amfani da shi, yana isar da saƙo cikin kimanin mikrosakan ɗaya ko biyu, shi kuwa Ethernet na yau da kullum yana ɗaukar gommai. Ga mai bincike wannan jinkiri naƙasu ne, amma ga malami abin koyarwa ne, domin a kan layi mai nawa ne ɗalibi yake ganin tsadar sadarwa ƙuru-ƙuru a cikin alƙalumansa. Yana da kyau kuma a sanya katin GPU a kwamfuta biyu ko uku, tunda tun fitowar manhajar CUDA ta sarrafa su a 2007 babban kaso na lissafin kimiyya ya koma kan waɗannan katuna.

Hayar kwamfuta ta intanet daga kamfanoni irin Amazon da Google hanya ce da wasu ke ba da shawara a madadin duk wannan. Tana da amfani ga aikin da ya fi ƙarfin gungun gida. Sai dai biyanta da dala ne, tana dogara da intanet marar yankewa, kuma ɗalibi ba ya taɓa waya ko faifai da hannunsa. Ta dace ta zama ƙari, ba ginshiƙi ba.

Wuta, zafi da ƙura

A nan ne yawancin ɗakunan kwamfuta suke mutuwa, don haka a nan ya kamata tsari ya fara. Kwamfutar ofis tana hutawa tsakanin aiki da aiki, amma ta gungu tana ja da dukkan ƙarfinta tsawon sa'o'i. In aka ƙiyasta wat 150 ga kowace kwamfutar aiki, guda 16 za su ja kilowat 2.4. Da kwamfutar jagora da ma'adana da na'urar haɗa layi, jimilla ta kusa kilowat 2.8. Dukkan wannan wuta zafi take komawa a cikin ɗaki, kuma fitar da shi yana cin fiye da kilowat ɗaya. Ɗakin yana buƙatar kimanin kilowat 4 ke nan a lokacin cikakken aiki. In za a yi awa 10 a rana, ana maganar kilowat-awa 40.

Kano tana da wadatar rana, domin kowace murabba'in mita tana samun sama da kilowat-awa 5 a yini a matsakaici. Bayan an cire asarar zafi da ta inbata da ta ƙura, farantan sola masu kimanin kilowat 10 za su iya samar da wannan kilowat-awa 40. Aikin dare kuwa sai da batir mai yawa, kuma a nan kuɗi ke hauhawa. Mafita mai sauƙi ita ce a daidaita aiki da rana: manyan gwaje-gwaje su gudana daga hantsi zuwa la'asar, da dare a bar kwamfutar jagora da kaɗan daga cikin na aiki. Manhajar rabon aiki tana iya kashe kwamfutar da ba ta da aiki, ta kuma tashe ta idan layi ya taru. Jami'ar Bayero ta sami tashar sola mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a 2019 ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta, amma ko a inda ake da irin wannan, ɗakin yana buƙatar inbata da batir nasa, saboda ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya tana rusa lissafin awa takwas.

Daga wannan ne wani darasi yake fitowa wanda ɗaliban ƙasashe masu tsayayyar wuta ba sa ɗauka da muhimmanci sai sun kai ga manyan injina. Dole furogiram ya riƙa ajiye matsayinsa a faifai lokaci-lokaci, ta yadda in aka katse shi zai ɗora daga inda ya tsaya. A manyan injinan duniya ana yin haka ne saboda yawan kayan da ke iya lalacewa. A Kano ana yin sa saboda wuta. Dabarar ɗaya ce, kuma ɗalibin da ya ƙware a kanta ya sami abin da ake nema a ko'ina.

Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yana haura digiri 40 da rana. Ya kamata gungun ya kasance a ƙaramin ɗaki na daban, mai silin mai kare zafi, wanda bangonsa ba ya fuskantar yamma, da na'urorin sanyaya ɗaki biyu da ke karɓa-karɓa. Ɗalibai su zauna a babban ɗaki da ke kusa, suna shiga gungun ta hanyar sadarwa, ana raba ɗakunan biyu da gilashi domin su riƙa ganin injinan. Hunturu kuma yana zuwa da nasa. Ƙurar da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana toshe fankar furosesa, ta rufe farantan sola, busasshiyar iska kuma tana tara cajin da ke ƙona allon kwamfuta idan aka taɓa shi ba da kariya ba. Maganin ba mai tsada ba ne: a toshe tagogin ɗakin gungu, a sa matatar iska da ake wankewa, a hure kwamfutoci duk wata, a wanke faranti duk mako a lokacin hazo. Da damina kuwa tsawa ce abin tsoro, don haka a binne ƙarfen kariya yadda ya kamata, a kuma sa na'urar tare hauhawar wuta a kan babban layi.

Manhaja da gudanarwa

Duk manhajar da ake buƙata kyauta ce. Ana girka Linux iri ɗaya a dukkan kwamfutoci, a raba musu babban fayil ɗaya daga kwamfutar jagora ta hanyar NFS, domin ɗalibi ya ga fayilolinsa ko a wace kwamfuta aikinsa ya faɗa. GCC yana fassara C da C++ da Fortran, kuma yana ɗauke da OpenMP, hanyar raba lissafi tsakanin cibiyoyin kwamfuta guda. Don MPI akwai Open MPI da MPICH. Slurm shi ne mai tsara layi: ɗalibi yana bayyana cibiyoyi nawa yake so da tsawon lokaci, Slurm ya ba shi idan wuri ya samu. Wannan manhajar ce ke gudanar da da yawa daga cikin manyan injinan duniya, saboda haka umarnin da aka koya a Wudil shi za a tarar a can. Tarin OpenHPC ya haɗa yawancin waɗannan wuri guda da jagorar girkawa.

Saboda raunin intanet, ya dace a ajiye kwafin rumbun manhajoji da littattafan jagora da taswirorin yankin a kwamfutar jagora, ta yadda darasi ba zai tsaya don layi ya yanke ba. Kowane ɗalibi ya sami asusunsa da iyakar ma'adana da iyakar lokaci. Ba tare da wannan ba, a makonnin miƙa furojet mutum biyu ko uku za su mamaye injin gaba ɗaya.

Abin da za a koyar

Digirin injiniya a Najeriya shekara biyar ne, kuma jadawalinsa a cike yake. Ba lallai sai an ƙirƙiro kwasa-kwasai da yawa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a shigar da fannin cikin darussan da ake da su, sannan a ware kwas ɗaya na zaɓi a manyan azuzuwa. Tsarin manhaja na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta, kuma wannan ƙofa ce a buɗe.

A aji biyu, cikin darasin rubuta furogiram, ɗalibi ya saba da Linux da kuma auna lokacin da furogiram ke ɗauka. A aji uku, cikin darasin dabarun lissafi da kwamfuta, sai a shigo da OpenMP, wanda ya fito a 1997. Da layi ɗaya na umarni ɗalibi zai raba zagayen lissafi tsakanin cibiyoyin kwamfuta guda, ya ga lokaci ya ragu. A nan kuma zai ci karo da matsala ta farko: cibiyoyi biyu suna rubutu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, amsa ta riƙa sauyawa duk lokacin da aka maimaita gwaji. Ya kamata malami ya bar ɗalibai su faɗa wannan rami kafin ya nuna musu mafita, domin wanda ya ga furogiram ɗinsa ya ba da amsa uku daban-daban ba ya mantawa.

Dokar Amdahl ita ce darasin da ya fi cancantar a daɗe a kansa. In kashi 10 cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa, cibiyoyi 16 ba za su ba da saurin ninki 16 ba, ninki 6.4 kawai za su bayar, kuma ko an tara cibiyoyi dubu ba za a wuce ninki 10 ba. In aka rage ɓangaren da ba ya rabuwa zuwa kashi 5, cibiyoyi 16 ɗin za su ba da kimanin ninki 9. Ɗalibi ya lissafa wannan a takarda, sannan ya auna a gungu da cibiya 1, 2, 4, 8, 16, ya zana jadawali, ya bayyana dalilin da ya sa awonsa ya gaza abin da takarda ta ce. Bayan haka sai a kawo hujjar John Gustafson ta 1988, cewa mai babban inji ba ƙaramin aiki yake maimaitawa da sauri ba, aikin yake faɗaɗawa. Misalin Tiga ya dace a nan: ribar gungu ita ce a iya komawa daga mita 30 zuwa mita 10 a cikin lokaci ɗaya.

MPI yana zuwa a kwas na zaɓi. Aikin da ya fi koyarwa shi ne na yaɗuwar zafi a farantin ƙarfe, ko tsatsar ruwa a jikin madatsar ƙasa, domin lissafinsu dangi ne. Ana raba filin tsakanin kwamfutoci, kowace ta lissafa yankinta, amma a kowane zagaye sai ta karɓi ƙimar gidajen kan iyaka daga maƙwabciyarta. In kowace ta tsaya jiran saƙo kafin ta aika nata, duka sai su cije, furogiram ya tsaya cak ba tare da ya nuna kuskure ba. In kuma aka yanka filin ƙanana da yawa, lokacin musayar saƙo sai ya fi na lissafi. Wanda ya warware waɗannan biyu da kansa ya fahimci fannin.

A aji biyar kowane sashe yana da abin yi daga yankin. Masu injiniyan gine-gine da albarkatun ruwa za su iya gwada fashewar madatsa irin ta Bagauda da manhajar TELEMAC, ko rabon ruwa a magudanar da ta tashi daga Tiga ta bi ta Ruwan Kanya. Masu injiniyan inji suna da OpenFOAM don nazarin gudanar ruwa a injin juya wuta, ko iska a rumbun busar da masara da shinkafa, amfanin gonar da Tudun Wada da Doguwa suka shahara da su. Masu injiniyan lantarki za su iya gudanar da ɗaruruwan gwaje-gwajen rabon wuta a layin da ke ɗauke da megawat 10 na Tiga. Masu injiniyan noma kuma za su iya sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru da dama don auna yadda dajin Falgore ke sauyawa, aikin da ke rabuwa cikin sauƙi tunda kowane yanki na hoto zaman kansa yake. Abin lura a duk waɗannan shi ne, inji ba ya gyara bayanai marasa kyau. Gwajin ambaliya yana buƙatar ma'aunin ruwan sama da na matakin tafki, waɗanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are da hukumar hasashen yanayi ta NiMet. Yarjejeniyar musayar bayanai da waɗannan hukumomi tana cikin kayan aikin ɗakin, kamar yadda batir yake.

Wajen ba da maki, a duba daidaiton amsa kafin sauri. Furogiram mai gudu da amsa marar kyau ba shi da daraja, kuma ga injiniyan da zai sa hannu a kan tsarin madatsa wannan tarbiyya ce ta sana'a.

Ma'aikata da kuɗi

Gungu yana buƙatar mutum ɗaya aƙalla wanda kula da shi ne aikinsa, ba ƙari a kan wani aiki ba. Shi zai buɗe asusu, ya sabunta manhaja, ya lura da zafin ɗaki da lafiyar batir, ya rubuta duk abin da aka yi a kundi. Rubutun yana da muhimmanci, domin ɗakin da iliminsa ke kan mutum ɗaya yana rufewa ranar da mutumin ya tafi ƙarin karatu. A ƙarƙashinsa a sami ɗaliban aji huɗu da biyar masu taimakawa, kuma ana iya lissafa wannan cikin horon masana'antu na SIWES.

Afirka ta Kudu ta nuna abin da irin wannan tsari ke haifarwa. Cibiyarta ta CHPC da ke Cape Town, wadda aka buɗe a 2007, tana horar da ɗaliban digirin farko su harhaɗa gungu da hannunsu, kuma tawagarta ta lashe gasar gungun ɗalibai ta taron ISC a Jamus a 2013 da 2014 da 2016. Cibiyar ta kuma karɓi sassan injin Ranger na Jami'ar Texas bayan an yi masa ritaya a 2013, aka rarraba su ga jami'o'i a ƙasashen Afirka don koyarwa. Tsofaffin injina ne, amma an haɗa su da horo, kuma horon ne ya ɗore.

Ta fuskar kuɗi, asusun TETFund shi ne hanyar da jami'o'in gwamnati suka fi dogara da ita wajen gine-gine da kayan aiki, sai hukumar NITDA da gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na yankin. Matsalar da aka saba gani ita ce a samu kuɗin saye, a rasa na riƙo. Batir yana da wa'adi, faifai yana mutuwa, na'urar sanyi tana son gyara, kuma kwamfutoci kan tsufa cikin shekara biyar zuwa bakwai. Kasafin da bai ware kaso na shekara-shekara don waɗannan ba bai cika ba. Ga ma'auni mai sauƙi da kwamitin tsangaya zai iya amfani da shi: in kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki kwamfutoci 16 tare da wutarsu da sanyinsu da ma'aikacinsu ba, a sayi 8 a cika sauran. Kwamfutoci 8 masu aiki kullum za su koyar da aji guda OpenMP da MPI da dokar Amdahl ba tare da naƙasu ba.

Hukumar COREN, wadda ke tantance karatun injiniya, ta koma auna jami'o'i da abin da ɗalibi ya iya yi bayan kammalawa, musamman tun da Najeriya ta sami matsayin wucin gadi a yarjejeniyar Washington ta tantance karatun injiniya tsakanin ƙasashe a 2023. Amfani da kayan aikin zamani wajen warware matsala mai sarƙaƙiya yana cikin abubuwan da ake dubawa. Ana kira ga tsangayoyin injiniya na Wudil da Bayero da Zariya su sanya wannan ɗaki a buƙatunsu na TETFund na shekara mai zuwa, su kuma nemi zama da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are kan bayanan Tiga tun kafin injinan su iso.